"Ka Daina Kawai" Ba Magani Ba Ne: Inda Muke Kuskure Wajen Taimakon Wanda Caca Ta Kama

Mai karatu, idan hanya ta bi da kai Badariya ranar Asabar da yamma, lokacin da ake buga gasar Firimiya, leƙa gidan kallo ka lura. Wasu talabijin suke kallo, wasu kuma idonsu na kan waya. Na biyun nan ba ƙungiya yake goyon baya ba, tikitinsa yake gadi. Da an tashi za ka ji yana cewa, "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min." Gobe kuma kuɗin taki ne, ko kuɗin da zai kai wa mai babur, zai sake shiga Bet9ja ko SportyBet.

Amsa biyu muke ba irin wannan matashi. Kamfanin caca yana rubuta masa a ƙasan talla, da ƙananan haruffa, cewa ya yi wasa da hankali. Mu kuma a gida muna ce masa ya ji tsoron Allah ya daina. Niyyar masu maganar ba ɗaya ba ce, amma dukansu sun ɗora nauyin a wuri guda: ƙarfin zuciyar mutumin da ƙarfin zuciyar nasa ne abin ya fara cinyewa.

Me ya sa ba ya iya dainawa?

Tun shekarun 1950 masanin halayya B. F. Skinner ya nuna cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe zai zo ba, ta fi nacewa da saran maɓalli fiye da wadda ake ba kullum. Daga baya Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka auna ƙwaƙwalwar birai, suka gano cewa sinadarin dofamin, mai tunzura mutum ya nemi abu, ba lada kaɗai ke motsa shi ba, har da rashin tabbas. A rahotonsu na 2003, motsin jiran lada ya fi ƙarfi lokacin da samu da rashi suke kunnen doki.

Sai kuma batun "saura kaɗan". A 2009 Luke Clark na Jami'ar Cambridge ya nuna cewa faɗuwar da ta yi kama da ci tana kunna sassan ƙwaƙwalwar da ci na gaske ke kunnawa, tana kuma ƙara sha'awar sake gwadawa. To, ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce ka haɗa wasa 10, kowanne yana da damar 70 cikin 100. Damar duka su shiga ba ta kai 3 cikin 100 ba. Amma damar 9 su shiga ɗaya ya yanke ta kai 12 cikin 100. Ka ga ke nan "wasa ɗaya ya yanke min" ya ninka ci sau huɗu wajen yawan faruwa. Ba rashin sa'a ba ne, ba sammu ba ne, haka aka gina tikitin. In kuma kamfani yana cire ribar 5 cikin 100 a kowane wasa, to duk naira 1,000 da ka sa a irin wannan tikiti, a matsakaici kusan 600 ce za ta dawo.

Shi ya sa a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da matsalar caca rukuni ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi haka a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Mu kam wannan bai kamata ya zo mana da mamaki ba, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida tare ta ambaci giya da caca. Abin tambaya shi ne: me ya sa muka yarda mashayi yana buƙatar asibiti, amma ɗan caca faɗa kawai yake buƙata?

Rufe shago da sauran rina a kaba

A ƙarshen 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca da dama, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Wannan ya ba jihohi irin su Kebbi dama, kuma ba mu ce rufe shago banza ba ne: duk abin da ya rage sauƙin samu yana rage sababbin shiga. Sai dai shagon yanzu yana cikin aljihu. Wanda ya riga ya kamu, in ka rufe masa ƙofa a Badariya, zai buɗe waya a ɗakinsa ƙarfe 2 na dare, ga manhajar bashi a gefe tana jiransa. Kamen ya ƙara masa abu ɗaya ne kawai: dalilin ɓoyewa.

Ɓoyewar kuwa ita ce mai kisa. Bincike a Amurka ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 ne kawai na masu wannan matsala ke neman taimako. Wani bincike a Suwidin a 2018 ya gano cewa masu ita sun ninka sauran jama'a kusan sau 15 wajen kashe kansu. Bashi da kunya in suka haɗu, ba ƙaramin kaya ba ne. Kuma kada wani ya ce a kai shi gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019.

To, mene ne ke aiki?

Fara da tambaya biyu da likitoci ke amfani da su wajen tantancewa. Ka taɓa yi wa na kusa da kai ƙarya kan yawan kuɗin da kake sawa? Ka taɓa jin dole sai ka riƙa ƙara kuɗin? In ɗaya ta zama "e", lokacin neman taimako ya yi.

Na farko, raba hannunka da kuɗi. Ba wa wanda ka amince da shi, matarka ko yayanka, katin banki da lambar sirri na 'yan watanni. Ka nemi kamfanin ya rufe asusunka, ba goge manhaja kawai ba, domin sauke ta minti biyu ne. A Birtaniya tun 2018 akwai tsarin GamStop, inda rajista ɗaya ke toshe mutum daga duk kamfanonin caca na intanet masu lasisi. Tun da hurumin ya dawo jihohi, irin wannan ya kamata mu riƙa tambayar 'yan majalisarmu.

Na biyu, rubuta bashin duka a takarda, ka nuna wa mutum ɗaya. Ku kuma iyaye, kada ku biya a ɓoye don rufin asiri. Bashin da aka biya ba tare da an taɓa cutar ba, fili ne aka share wa sabon bashi.

Na uku, ga likita. Maganin da ya fi samun shaidar bincike shi ne zaman gyaran tunani da ɗabi'a, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke yaudararsa, irin su "yau zan mayar da abin da na rasa", da abin da zai yi in sha'awar ta taso. Ana kuma duba ciwon damuwa ko shaye-shaye, domin sau da yawa tare suke tafiya. Je Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ka faɗa wa likita gaskiya, ka nemi a tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin tarayya na Kware a jihar Sakkwato. Mun sani, da an ce Kware sai a ce hauka. Ba haka ba ne. Mutane da yawa suna zuwa a duba su, su koma gida a ranar. In kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, kada a jira gobe, a tafi asibiti yau.

Wa'azi fa yana da gurbinsa. Malamin da ya ce "haramun ne, kuma zo mu zauna, gobe zan raka ka asibiti" ya fi wanda ya tsaya a rabin farko. Kuma in mutum ya daina wata uku ya sake faɗawa, ba munafuki ba ne. Komawa baya sananne ne a duk jinyar kamu, sai a tashi a ci gaba.

Saboda haka, mai karatu, in ƙaninka ne yake gadin tikiti a gidan kallo, kada ka fara da "ba ka da hankali". Ja shi gefe bayan Isha'i ka tambaye shi: nawa ake bin ka? Ka bar shi ya gama faɗa kafin ka ce komai.