Hoton Takarda Ba Rubutu Ba Ne: Sharhi kan Darussan Salula ga Ɗaliban Arlit

1. Gabatarwa

Tun lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, wata al'ada ta zauna da gindinta a manyan makarantu. Malami ya ɗauki hoton shafukan darasinsa, ya haɗa su cikin kundin PDF, ya tura wa ɗalibai ta WhatsApp, a ce darasi ya shiga na'ura. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa abin da ake turawa hoto ne kawai, kuma bambancinsa da rubutu ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye.

2. Dalilin zaɓen Arlit

An kafa Arlit a 1969 saboda haƙar uraniyom. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da ma'adini a 1971, Cominak kuma ya yi aiki a Akokan daga 1978 har aka rufe shi a 2021. Ƴaƴan leburorin da suka taru daga Damagaram, Maraɗi da Tawa, su da ƴaƴan Abzinawa, yanzu ilimi ne gadonsu. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, tana nesa da su da kimanin kilomita 240. Ɗalibin da ya koma gida, salularsa ce ɗakin karatunsa.

3. Illolin hoton

Na farko, nauyi. Hoton shafi ɗaya ya ninka rubutun shafin sau da yawa, ɗalibi ne kuma ke biyan kuɗin saukewa. Na biyu, ba a iya neman kalma a cikinsa, kuma idan an ƙara girman baƙaƙe sai layi ya fice daga allon salula. Na uku, wanda ya fi muni, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu da murya ba ta ganin komai a hoto. A wurinta shafin fari ne fat. Ke nan an rufe wa makaho ƙofa da sunan ci gaba.

4. Matsalar baƙaƙe masu ƙugiya

Kundin tsarin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Idan har za a shirya taƙaitaccen bayani ko jerin kalmomin darasi da Hausa, to, sai mu lura da wata illa ta dabam. Masu buga rubutu da yawa na zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka tabbatar. A darasin ma'adinai wannan ba ƙaramin abu ba ne: "ƙura", wadda ke cutar da huhun mai haƙa, ta koma "kura" ta daji; "ƙasa" ta koma "kasa". Mai ido yakan gane daga ma'anar jimla. Na'ura kuwa abin da aka buga take bi, wanda ya nemi "ƙura" ba zai same ta ba. Uzurin zamanin tafireta ya ƙare, domin baƙaƙen nan suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, Tifinar ta Tamajak ma ta shiga a 2005.

5. Kammalawa

Shawararmu uku ce. A buga kowane darasi a matsayin rubutu, da kanun da na'ura ke ganewa. Kowane zane, ko na ramin haƙa ne ko na jerin duwatsu, a bi shi da bayani cikin kalmomi. Sannan masu tsara yaƙi da jahilci su koya wa masu buga rubutu allon baƙaƙen Hausa, a kuma tsaya kan ƴ ta ƙa'idar Nijar. Wannan aiki bai bukatar sabon gini ko manyan injuna. Horo yake bukata, da sa ido daga cibiyoyin nazarin harshe tun kafin darussan Hausa su yawaita, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.