Bakan da Ba a Rubutawa a Maourey

Idan Oktoba ta kama, yara na shirin komawa makaranta, ka bi ta shataletalen Maourey a tsakiyar Yamai, ka tsaya kusa da teburin mai sayar da kayan karatu, ka kasa kunne. Unguwar tana cikin tsofaffin unguwannin garin, sunanta ma daga Mawri ya samo asali, wato Arawa. Ni dai abin da ke tsayar da ni a wurin lissafi ne.

Wata Hajiya ta ɗauki littafin rubutu shida da biro shida. Littafi dala hamsin, biro dala ashirin. Kafin ta kwance bakin zanenta, dattijon mai teburin ya ce, "Jika biyu da dala ashirin, Hajiya." Bai taɓa takarda ba.

Baƙo daga Kano sai ya rikice tun a nan, domin a Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuwa sefa 1,000. Littafin ke nan 250, biron 100. Abin da dattijon ya yi shi ne ya haɗa littafi da biro suka zama ƙulli ɗaya, dala saba'in, sannan ya ninka sau shida, ya sami dala 420, wato sefa 2,100. Malamin lissafi zai rubuta shi haka: (250 + 100) × 6. Waɗannan baka biyu da suka rungume lambobin cewa suke yi a gama da na ciki tukuna. In babu su, ƙa'ida ta ce ninkawa da rabawa ne a gaba, tarawa da ɗebewa su biyo baya, daga hagu zuwa dama. 'Yan makarantar Najeriya suna haddace wannan da sunan BODMAS.

Yaron dattijon, mai ji da wayarsa, ya danna 250 + 100 × 6, waya ta ba shi 850. Wayar ba ta yi ƙarya ba: ta ninka biro shida, ta ɗora littafi ɗaya tak. Da an bi ta tasa, da littafi biyar sun tafi kyauta. Abin dariyar, ƙaramar na'urar lissafin nan mai araha da ke kan tebura da yawa za ta ba da 2,100, don ita duk abin da aka danna take bi a jere, ba ruwanta da ƙa'ida. A nan ta dace. Amma ka danna mata 500 + 250 × 4, sai ta ce 3,000, alhali 1,500 ne.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wajen ciniki. Hajiyar ta dawo neman littafi dozin ɗaya, ta ce, "Alhaji, a rage mini dala biyar." Bai amsa ba sai da ya tambaya, "A kan kowane, ko a kan duka?" Ga bakan nan a cikin magana. A kan kowane, (250 − 25) × 12 ne, sefa 2,700. A kan duka kuwa, 250 × 12 − 25, sefa 2,975. Tsakaninsu 275, ya fi kuɗin littafi guda. Masana lissafin Italiya sun fara zana wannan alama a takarda tun ƙarni na 16, amma ɗan kasuwa da kalma biyu yake buɗe ta ya rufe.

Malamai, in yaro ya kasa gane amfanin baka a allo, ku aike shi sayen littafi a Maourey, ku ce ya nemi ragi.