Iyakar Ma'auni a Zanen Karin Sauti

Tun da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, ta shiga hannun masu nazarin harshe, auna karin sautin Hausa ya zama aiki mai sauƙi. Zana shi kuwa ya zo da wani sakaci da ya kamata a yi magana a kansa.

Wanda ya kwashe alƙalumansa ya kai su R ko Excel, in bai sa baki ba, manhajar ce ke zaɓa masa inda layin tsaye zai fara da inda zai tsaya, tana baza abin da ta samu ya cika fili. A ɗauki kalmar kuka. Kukan yaro yana da karin sama a gaɓoɓinsa biyu, kukar miya kuwa sama ce da ƙasa. Murya ba ta tafiya a miƙe, saboda haka ko a kukan yaro za a ga ƴar gangara kaɗan. In an bar kowane zane da nasa ma'auni, sai wannan ƴar gangara ta fito da tsayi ɗaya da saukar da ke cikin kukar miya, mai karatu ya ɗauka kalmomin biyu kari ɗaya gare su. Haka kuma zamewar murya a doguwar jimla, inda kowane karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yake yin ƙasa da na gabansa, ba ta fitowa in an yanka jimlar an ba kowane yanki nasa ma'auni.

Kafa iyaka ɗaya ga dukan zanen da za a kwatanta shi ne magani, amma da sharaɗi. Saukar muryar namiji daga 120 zuwa 100 Hz da ta mace daga 240 zuwa 200 tazara ɗaya ce a kunne, semiton 3 da ɗoriya, alhali a ma'aunin Hz ta macen ta ninka. Semiton ya fi dacewa ke nan. A ggplot2 kuma umurnin ylim yana zubar da duk abin da ya wuce iyaka, coord_cartesian ne ke kafa ta ba tare da asara ba.

Daidaitacciyar Hausa ba ta rubuta kari. Duk ran da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci suka zauna kan ko a sa masa alama a wasu kalmomi, irin waɗannan zane-zane za a aje a gabansu, kuma galibinsu siffar layin za su duba, ba lambobin da ke gefe ba.