Jinjina Ga Masu Fasaha Masu Cin Gashin Kansu

Akwai matasan da suka cancanci a sara musu: masu fasahar da ba su da kamfani ko ubangidan da zai ɗauki nauyinsu. Mutum ɗaya ne zai rubuta waƙa, ya yi ta tarin kuɗin situdiyo a titin gidan zoo na Kano, ya kuma sayi man janareta idan an ɗauke wuta. Gobe ka gan shi da kyamarar aro yana ɗaukar gajeren fim, yana ta maimaita fitowa ɗaya don ƙarar babur ta ɓata sauti. Da dare ya zauna tace hoto, ko ya ci gaba da rubuta labarinsa a waya.

Wannan hanya tana da magabata. Ado Ahmad Gidan Dabino da kansa ya buga littafinsa In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ya kuma shiga harkar fim. Aminu Ala ma marubucin littattafai ne kafin waƙa ta fito da shi.

Ba don irinsu ba, da labaran unguwanninmu da yawa sun salwanta. Jama'a, mu sayi aikinsu da kuɗinmu, mu daina kwafa kyauta. Allah ya ƙara musu basira.