Masu Gyaran Waya na Bodinga da Shagari

Masu gyaran waya a Bodinga da Shagari, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, sun cancanci yabo, domin aikinsu ya fi ladan da ake ba su. Yawancin wayoyin da ake kawo musu, irin su Tecno da Itel, suna amfani da Android, manhajar da ta fito a 2008 bisa tushen Linux, wadda aka bari a buɗe kowa ya duba ya gyara. Idan waya ta ƙi tashi, mai gyara kan jona ta da kwamfuta ya sake ɗora mata manhaja, bayan ya gargaɗi mai ita cewa hotunansa na iya gogewa. Shi ne kuma ke buɗe wa dattijo WhatsApp, ya tura masa karatun malamai a memori don saurare ko babu data.