Zanen Ƙasa da Masu Noma Ta

Jerry Buhari, malamin zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ba ya zana ƙasa don ƙawa kurum. Yakan nuna ta da tabon da hannun ɗan Adam ya bar mata, nan kuwa ƙarfinsa yake. Abin takaici, irin wannan aiki a ɗakunan nuni na Ikko akan baje shi, nesa da masu ƙasar. Alhali manomin Bunkure, wanda ruwan Tiga ya mai da masa rani damina bayan 1974, ya fi kowa sanin yadda ƙasa ke sake kama. Maginan dā a fuskar soro suke zayyana, kowa ya gani. Lalle ne malamai su kai zane makarantun ƙauye.