Ƙarfin saye ba ƙarfi ba ne

A fadarmu ta Maradi na fara buga Super Smash Bros. Ultimate, wasan Nintendo na 2018, a na'urar wani aboki ɗan Tibiri. Dokarsa ta burge ni: ka tunkuɗe abokin karawa daga dandali, shi ke nan, kamar kaye a kokowa.

Amma jarumai 89, wallahi yawan banza ne. Marth da Lucina takobi ɗaya, rawa ɗaya. Steve na Minecraft kuwa sai ka biya, ga ƙarfi har wasu gasanni suka hana shi shiga.

Kantu da ya ɗauko takobi a Tawa a 1975, wa ya sayar masa da ƙarfi? Mu ƴan lakwal marasa kuɗi, an kada mu tun ba mu ɗaura laya ba.